Tagar Baba Gajanan

Ruwan wanke-wanke ne a robar, duk maiƙo da guntun shinkafa. Kusum ta ɗaga ta sheƙa wa mutumin da ke tsugune a kan matakala. Ya zabura ya rungume kyamararsa kamar mai goyo.

"Haba Inna! Kin san kuɗin abin nan kuwa?"

"Innarka tana gidanku. Sauka kafin in ɗebo na zafi."

"Aikina fa nake yi."

"Aikin ungulu! Mutum bai cika ba kun fara shawagi. Sauka na ce!"

Ya sauka yana ƙunƙuni. Kusum ta leƙa ta baranda. Lungun ya cika maƙil da motocin gidajen talabijin da samari masu ɗaga waya, har wani mai shayi ya kafa teburinsa yana ciniki kamar ranar idi. Ta tofar da yawu ta koma ɗakin maƙwabcinta.

Baba Gajanan yana kwance a gadon ƙarfe, da robar iska a hancinsa. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Shi da mijin Kusum tare suka shigo wannan dogon benen haya na unguwar Lalbag suna samari, ɗaki na jikin ɗaki, tare kuma suka rasa aiki da aka rufe masaƙun Mumbai. Mijin Kusum ya riga shi tafiya, matar Gajanan ta bi baya. Tun daga nan tukunyar Kusum ce ke ciyar da ɗakuna biyun.

'Ya ɗaya gare shi, Shaila. A barandar nan ta yi rarrafe, Kusum ce ke yi mata kitso ta tafi makaranta. Yanzu tauraruwar fim ce, duk ƙasar Tarini ake kiranta, fuskarta na kan kowane allon talla, tana sayar da sabulu da sarƙar gwal. Ta sha roƙon uban ya koma gidanta na bakin teku, ya ce a'a.

"A can in na yi tari sai an buga a jarida," haka ya kan ce. "Ki bar ni inda ba wanda ya damu da ni."

Sai ga jaridar ta biyo shi har gado. Wani ya tsegunta cewa mahaifin Tarini na kan gargara, kafin gari ya waye lungu ya cika. Dole aka rufe tagar ɗakin, aka lulluɓe ta da bargo, domin mai wankin da ke benen tsallake ya ba masu ɗaukar hoto hayar barandarsa. Ga zafi, ga warin magani, fanka sai juya iska ɗaya take yi.

"Ta zo?" Baba Gajanan ya tambaya, muryarsa da ƙyar.

"Tana hanya."

Ƙarya ce. Kusum ta fita baranda ta kira Shaila a lambar da mutum uku kaɗai ke da ita a duniya.

"Gwaggo, yaya jikinsa?"

"Zo ki gani da idonki."

"Kin san abin da zai faru in na zo. Na ce a kawo shi asibiti, can akwai ƙofar baya..."

"Ya ce ba inda za shi. Ubanki ne ke mutuwa, Shaila, ba a fim ba, ba wanda zai ce a sake ɗauka. Kin tsallake wuta a talabijin, kin faɗo daga jirgi, lungun da aka haife ki ne zai gagare ki?"

Ta kashe wayar.

Rana ta take tsaka aka ji ihu ya tashi daga bakin titi, ya dinga matsowa kamar ambaliya. "Tarini! Tarini! Kalli nan!" Ƙattai masu tsaron Shaila suka kewaye ta suna ture mutane. Da ta iso saman bene takalminta ƙafa ɗaya ne, an yaga mata gefen mayafi, ga shatin farce a damtsenta. Ba ta ko duba ba. Ta durƙusa a gaban gadon ta kifa goshi a ƙafafun ubanta.

"Baba."

"Kin rame," ya ce. "Ba sa ba ki abinci a can?"

Ta yi dariya mai kama da shaƙewa. Ya ɗora hannu a kanta. Ihun lungu bai lafa ba, bango ma amsa sunanta yake yi. Can numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya juya ido wajen bargon da ke bango.

"Ku buɗe min taga."

Shaila ta ɗago. "Baba, suna tsallake."

"Iska nake so. In ga sama."

"In aka buɗe, duk duniya za ta gan ka a haka. Bari in ƙara fanka."

Kusum ta miƙe tsaye.

"Shi za a gani a haka ko ke? Mutumin nan shekara da shekaru a tagar nan yake shan shayinsa, yana zagin masu ƙwallo a lungu. Yau a ɗakinsa, da bakinsa, ya roƙi iskar Allah a hana shi?"

Ta fizge bargon, ta banka tagar. Iska ta shigo da haske, tare da su kuma ƙarar kyamarori, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar fara ta sauka a gona. Barandar tsallake ta cika har ƙarfenta na lanƙwasa. A nan Kusum ta ga abin da ya ƙona mata rai fiye da komai: Shaila ta gyara zama, ta mai da gashinta bayan kunne, ta karkata fuska gefe guda. Ba ta ma san ta yi ba.

Kusum ta tsaya a tagar, ta ware gefen doguwar laffayarta ta sari da hannu biyu ta kare rabin ƙasa, ta bar wa tsohon rabin sama.

"Ku ɗauka!" ta daka musu tsawa. "Ga tsohuwa, ku ɗauka ku kai wa iyayenku! Kai kuma mai wanki, mutumin nan ne ya ɗauki makarar ubanka, ka sayar da shi a kan kuɗin shayi? Tir da halinka!"

"Inna matsa gefe!" wani ya ce daga can. "Kin tare mana!"

Ta zage shi tas, ta zagi wanda ya aiko shi, ta zagi masu zama a gida suna kallo. Tana cikin haka ta ji an ja bakin zanenta ta baya.

"Gwaggo. Ya isa."

Ta waiwaya. Baba Gajanan idonsa na kan ɗan yankin saman da ke bisa kanta, bakinsa a ɗan buɗe, ƙirjinsa ya daina motsi. Ta ciyar da shi tsawon shekaru, ta wanke masa jiki, ta kwashe masa fo, amma lokacin da rai ya fita bayanta ta ba shi, tana cacar baki da baƙi.

Ta rufe tagar a hankali. Maza maƙwabta suka shigo suka sauko da shi ƙasa, aka kunna fitilar mai a wajen kansa, aka ɗiga masa ruwa a baki da ganyen tulsi mai tsarki a wurinsu. Matan benen suka fara kuka. Shaila na zaune jikin bango, idonta a bushe ƙamas. Wayar ɗaya daga cikin matan ta yi ƙara, ta duba, ta yi saurin kifewa. Amma Kusum ta gani: hoton tsohon ne da robar iska a hanci, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa Tarini ko hawaye ba ta yi ba.

Kusum ta zauna gaban Shaila, ta yi ƙasa da murya, amma kowace kalma da dafi.

"Faɗa min, 'yar nan. Gidan bakin teku, motoci, gwala-gwalai. Me suka saya miki? Ubanki ko mutuwa bai samu ya yi cikin sutura ba."

Shaila ta dube ta.

"Sun sayi iskar da ya shaƙa tun damina. Sun sayi aikin da aka yi wa idonki, da kike ganina da shi yanzu. Kin manta yadda Mama ta mutu a barandar asibiti tana jiran gado? Ran nan ba mai kyamara ko ɗaya, Gwaggo. Ba wanda ya kalle mu. Na rantse ba za a sake ƙin kallonmu ba."



"To ga shi ana kallo," in ji Shaila. "In na yi kuka su ce wasa nake, sun ga irinsa a fim. In ban yi ba su ce ba ni da zuciya. Ni kaina ban san wanne ne nawa ba. Ɗazu da ya cika, abin da ya fara zuwa min shi ne ina zan ajiye hannuna."

Da yamma aka ɗaura shi a makarar gora, aka rufe da furanni. Shaila ta miƙe za ta bi, don ita kaɗai ya haifa, ita ya ce ta sa wa gawarsa wuta a wurin ƙonawa, kamar yadda addininsu ya tanada. Wani babban ɗan sanda ya tare ƙofa, ya cire hula, ya yi magana da ladabi.

"Ranki ya daɗe, in kika fito za a tattake mutane. Yara ne cike a lungun. Ba zan iya tsare su ba."

"Ubana ne."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Ɗan ƙanen marigayin ne ya ɗauki tukunyar wutar. Daga bayan ƙofa suka ji an sauka da shi, masu makara na kiran sunan Ubangiji, amma muryarsu ta nutse cikin ta jama'a. "Ina Tarini? Ta fito mana!" Da aka ga ba ta cikin masu rakiya, kusan ba wanda ya bi gawar. Kyamarorin suka ci gaba da kallon benen.

Matan suka fara shirin wankan da ake yi bayan fitar gawa. Kusum ta kama hannun Shaila ta ja ta har ƙarshen baranda, ta bayan zannuwan da aka shanya, zuwa ɗakin wankan da duk mutanen wannan hawa na benen ke amfani da shi. Ƙuntatacce ne, duhu, gansakuka a bango, ko kafar iska babu.

"Duk wadda ke da waya ta bar nan," Kusum ta ce wa matan. Suka ja da baya.

Ta tura Shaila ciki, ta sa bokitin ƙarfe a ƙarƙashin famfo, ta murɗa shi har ƙarshe. Ruwa ya dinga dukan bokitin da ƙara. Ta jawo ƙofar ta rufe, ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ita, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

An daɗe ba a jin komai sai ruwa. Bokitin ya cika ya fara tumbatsa. Can Kusum ta ji katakon ƙofar ya soma girgiza a bayanta, kaɗan-kaɗan, da shessheƙar Shaila. Ba ta waiwaya ba. Ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mata zane, ta bar shi yana jiƙawa.