Shuɗin Gadon Lutfi

Duk shuɗiyar ƙofar da ke layinmu a tsohon garin Safakis aikin Baffa Munsif ce. Shekara arba'in da biyar yana fenti, kuma har yau bai yarda an haifi wanda ya kai shi riƙe buroshi ba. Ni kuwa Naziha, da na tashi a gidan da ke manne da nasa, sai Allah ya kai ni ƙaramar hukuma, ofishin da ke duba takardar shaidar masu taɓa tsohon fenti mai dalma. Aiki ne da ba ya jawo farin jini ko kaɗan.

Ranar Talata da hantsi aka kawo ƙorafi cewa ƙura na tashi daga gidansa. Na san duk wanda na tura sai ya sha zagi, don haka na ɗauki jakata na tafi da kaina.

A tsakar gida na same shi, ya kwantar da murfin taga yana kankarewa a bushe, gemunsa ya yi shuɗi. Ɗakin jikansa yake gyarawa, domin Siham, matar ɗansa Lutfi, ta shiga watanta. A gefensa ga kofin madara, ga wani tsohon gadon jariri na jiran layi.

"Sannu da aiki, Baffa. Ina takardarka?"

"Takarda? Ke Naziha, ni da na share miki majina? Je ki dubi ƙofar ubanki, ita ce takardata."

"Baffa, fentin nan akwai dalma a ciki."

"To ga maganinta." Ya ɗaga kofin. "Kullum biyu, haka maigidana ya koya mini. Kin taɓa jin na kwanta?"

Duk tsofaffin masu fentinmu sun yi imani da madarar nan, kuma ba ta hana komai. Ban ja da shi ba. Na ciro tsinken gwaji mai auduga a baki na goga a jikin gadon, daidai inda katakon ya yi rami-rami.

"Haƙoran Lutfi ne," in ji shi yana dariya. "Kamar ɓera. Ni na yi masa fentin da hannuna, shi kuma ya bi ya cinye. Wai zaƙi gare shi."

Audugar ta rikiɗe ta zama ja, alamar akwai dalma. Dariyar ta tsaya.

"Me take yi wa yaro?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma ga jariri a hanya. Na ce tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, yaro ya yi ta fama, karatu ya ƙi zama.

Na san abin da yake tunawa, don ni ma na tuna. Lutfi ya maimaita aji uku har sau uku. Ta bango muke jin ƙarar dukan bel, da muryar Baffa yana cewa malalaci. Yau Lutfi yana da shekara talatin da shida, yana aiki a gidan burodi, kuma babu mai sanyin hali irinsa a layin.

"Ban ce fentin ne ya jawo ba, Baffa. Allah ne masani."

Ya ture kofin gefe. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Ana haka Lutfi ya shigo da burodi mai zafi a hammata. "A'a, Yaya Naziha! Yau Baba kika zo kamawa?"

Baffa ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya juyo gare ni.

"Horon nan naku na samun takardar, kwana nawa ne?"

"Biyu. A nan za ka ga yadda ake jiƙa fenti kafin a kankare, da yadda ake killace wuri. Kafin nan Siham ta koma gidansu. Daga ƙarshe akwai jarrabawa."

"Jarrabawa? Da tsufana? In na faɗi fa?"

Lutfi ya yi dariya da zuciya ɗaya, ya gutsuro burodi ya miƙa masa.

"Sai ka sake, Baba. Ai ba mai dukanka."

Baffa bai karɓi burodin ba. Hannun Lutfi ya kama, da hannuwansa biyu, ya kifa fuskarsa a kai.