Daga Hanci Zuwa Wutsiya

Shekara ashirin Atiku na rini a Gwandu, kuma shekara ashirin ana yi masa dariya. Da la'asar, in marina ta watse, sai ya wuce zauren Malam Ɗahiru ya karanci nahawu da tarihi da waƙoƙin Fulatanci. Abokan sana'arsa kan ce, "Nahawu na ƙara wa ruwan baba kyau?" Wawaye ne, kuma lokaci ya nuna.

Da yadin kanti ya cika kasuwa, rijiyoyin rini suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Atiku ya taka zuwa Kalgo neman aiki wurin Hassan, malamin dabbobi, wanda aka turo ya yi wa shanu allurar ciwon huhu. Hassan ya dubi hannuwansa da baba ya rine, ya ce, "Mai riƙe igiya nika nema, ba marini ba. Amma kwana uku ke nan ba wanda ya kawo saniya. In ka kawo min garke ɗaya gobe, ka samu aiki."

Atiku bai da wata mafita. Da safe shi da Hassan suka isa rugar Ardo Jibrin, kusa da Dangoma. Hassan ya buɗe takarda ya karanta yadda aka koya masa: ana sa wa saniya cuta kaɗan a wutsiya don ta tsira daga babba.

Ardo ya ce, "Malam, ka ji abin da bakinka ya faɗi? In ba ka saniya mai lafiya ka sa mata cuta?"

Atiku ya gaishe shi da Fulatanci, ya tambayi mutanen gida da na garke, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ce, "Ardo, mi ya sa tsofaffin shanun mahaifinka ke da ƙullutu a kan hanci?"

Atiku ya taɓa jin labarin a zaure, a bayanin wata tsohuwar waƙa: shekarar annoba, makiyaya kan yanki huhun saniyar da ta mutu, su tsaga hancin mai rai su cusa.

"Ni na riƙe wa babana kan saniya yana tsagawa," in ji Ardo a hankali. "Wa ya gaya wa mai baƙin hannu wanga?"

"Abin naku ne, Ardo. Bature ya zuba shi a kwalba kawai, ya mai da shi daga hanci zuwa wutsiya."

Ardo ya yi dariya. "Ashe tsoron ƙaho yake ji."

Kafin azahar shanu sittin na tsaye a layi. Hassan ya san allura sarai, amma takardarsa ba ta san kakan kowa ba. Ya miƙa wa Atiku igiya, sannan ya janye hannu.

"Bar igiya, Malam Atiku. Gobe Ceberu za mu, kai za ka fara magana."