Allon Nishida

Loma ta uku ce a hannun Falalu lokacin da Malam Idrisu ya hango jan zare yana leƙowa daga aljihun rigarsa. Dattijon ya daina tauna.

"Mene ne wannan a aljihunka?"

Falalu ya lashe yatsu ya zaro abin, har da ɗan murmushin mai jiran yabo. Ɗan katako ne wanda bai kai tafin hannu ba, da rubutun Japan a jiki kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Na Nishida ne. Ya sake mantuwa."

Shekara tara Falalu yana masinja a wata masaƙa a Challawa, kuma abu ɗaya yake taƙama da shi: ba a yar da abu ya kwana bai koma hannun mai shi ba. Wannan makon aka ɗauke shi daga ofis aka kai shi sashen rini, ya riƙa yi wa injiniya Nishida hidima. Shi kuwa Nishida, mutumin Japan da ya zo kula da injinan, in ba don kansa a manne yake da wuya ba da tuni ya bar shi a wani wuri. Tabarau, biro, hula, duk Falalu ya tsinto masa su cikin kwana huɗu. Mutum irin Falalu bai jiran a ce taya ni, kuma nan ne gizo ke saƙar.

"A ina ka ɗauko?" Muryar Malam Idrisu ta yi ƙasa. Tsohon makanike ne, ba a san shi da firgita ba.

"A hannun makunnin tukunyar rini ta huɗu na gan shi a rataye. Na zaga har ofis ban ga mai shi ba."

"Ba za ka gan shi ba. Yana cikin tukunyar."

Mairama mai sayar da garau-garau a bakin ƙofar masaƙar ta tsaya da ludayi a sama.

Malam Idrisu ya yi bayanin cikin numfashi ɗaya. Doka ce da Nishida ya zo da ita daga garinsu: duk wanda zai shiga cikin inji sai ya rataya allon sunansa a makunni. Muddin allon yana nan, ko manaja bai isa ya taɓa ba. In babu allo, babu kowa a ciki. Tun ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta, shi ya sa Nishida ya samu damar shiga gyara. Isyaku mai kula da tukunyar kuwa yana can a tsaye, da an kawo wuta zai kunna famfo, famfo ya turo tafasasshen ruwa da soda.

Falalu ya dubi katakon da ke hannunsa. Ya buɗe baki zai ce ai wutar ba ta dawo ba, sai idonsa ya sauka a tagar ɗakin maigadi. Fankar da ke ciki ta motsa. Ta yi juyi ɗaya a kasalance, ta yi na biyu, sannan ta kama gudu.

Bai san lokacin da kwanon ya kife ba.

Daga bakin ƙofa zuwa sashen rini tafiya ce ta minti biyar ga mai natsuwa. Falalu ya wuce rumbun auduga, takalmi ɗaya ya fita, bai waiwaya ba. Ya faɗa ɗakin saƙa daidai lokacin da injinan ke farkawa layi bayan layi, ƙararsu ta cika duniya. Yana ihu, shi kansa ba ya jin abin da yake faɗa. Masu aiki suna matsa masa hanya suna dariya, sun ɗauka manaja ne ya aike shi. Tsoro ne tsantsa a ransa. Ya ga kansa gaban alƙali. Ya ga an ɗora akwatin gawa a jirgin sama za a kai wa wata mata da bai taɓa gani ba. Addu'ar da ta zo bakinsa ma ta shiga kasuwa ce, ya yi ta maimaita ta haka nan.

Ya iso ya tarar Isyaku ya riga ya danna. Famfo yana gurnani, bututun da ya taso daga ɗakin tururi yana rawa.

"Kashe! Akwai mutum!"

Isyaku ya kanga hannu a kunne. Maɓallai sun fi goma a jikin akwatin makunnin, Falalu bai san aikin ko ɗaya ba. Abu ɗaya ya sani a wurin, wato dogon hannun ƙarfen da ya cire allon daga jikinsa. Ya kama shi da hannu biyu ya rataya duk nauyinsa.

Famfon ya yi tari ya mutu.

Cikin shirun da ya biyo baya suka ji shi: ƙwanƙwasa daga cikin tukunyar, ƙarfe a kan ƙarfe, a hankali. Isyaku ya zube a ƙasa yana salati. Mutum huɗu suka hau tsani suka jawo Nishida ta ƙofar sama. Ruwan ya kai masa ƙwauri. Da aka yanka takalman robarsa, Falalu ya kau da kai.

Kafin la'asar labari ya gama masaƙa. Kowa ya gamu da Falalu sai ya riƙe hannunsa, har manaja ya dafa masa kafaɗa. A baranda kuwa Isyaku na zaune a benci, hula a hannu, maigadi na tsaye a kansa. Nishida ya ce ya rataya allo. Isyaku ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, bai ga allo ba. An share ƙarƙashin makunnin har da tocila, ba a ga komai ba. An ce ana buga wa Isyaku takardar sallama, wasu suka ce har an aika a kira 'yan sanda. Shekarar 1983 ce, ana rage ma'aikata kamar ana tsince tsakuwa a shinkafa, wanda ya fita ƙofa ba ya dawowa. Falalu na da 'ya'ya shida a ɗaki biyu a Panshekara.

Malam Idrisu bai faɗa wa kowa abin da ya gani a aljihun Falalu ba. Ya dai dubi Falalu sau ɗaya, ya wuce alwala.

Nishida ya aiko a kira Falalu ɗakin shan magani na kamfani, inda yake kwance ana jiran motar asibiti. Ƙafafunsa a naɗe, fuskarsa ta yi fari. Shekara uku a Kano ta ba shi Hausa daidai cin abinci.

"Zauna, Falalu-san."

"Sannu, Yallaɓai. Allah ya ƙara sauƙi."

"Ni koya maka magana biyu na Japan." Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Tetsudau. Aiki nawa ne, kai kama gefe. Kai kawo tabarau, kai ɗauki akwati. In kai ba zo ba, ni gama, sai dai a hankali." Ya ɗaga na biyu. "Tasukeru. In kai ba zo ba, babu ni. Kwana huɗu kai tetsudau. Yau tasukeru."

Falalu ya gwada faɗa, harshensa ya ƙi.

"Akwai na uku, sukuu. Wannan babba, kamar Allah fitar da mutum daga wuta. Ni ba ba ka wannan." Ya yi ƙoƙarin dariya, ciwo ya katse ta. "Amma ni rubuta wa manaja. Kai ba masinja kuma."

Ta taga Falalu yana hango bencin. Isyaku ya daina rantsuwa, ya haɗa kai da gwiwa. Yaro ne mai gaggawa, amma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, wannan kuwa duk masaƙar ta sani. Tsoron da Falalu ya ji a ɗakin saƙa ya dawo masa, sai dai wannan karon babu inda zai ruga.

"Yallaɓai," ya ce, "a garinku, wanda ya zo kama maka gefe, gefen ya faɗo maka a ka, me kuke ce masa?"

Nishida ya yamutsa goshi. "Ni ba gane ba."

A waje aka ji tsayuwar mota. Falalu bai leƙa ya ga ko ta asibiti ce ko ta 'yan sanda ba. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro katakon, ya ajiye shi a kan farin zanen gadon, kusa da hannun mai shi.

Nishida ya daɗe yana kallon sunansa.

"Ina kai samu?"

"A inda ka rataye shi, Yallaɓai."