Gumbar Arba'in

Tun Zulkiflu yana ƙarami shi ke shimfiɗa farin ƙyalle idan ubansa Sahabi zai ja wazifa a masallacin unguwarsu a Gure. Sai ga shi wata Juma'a Sahabi ya tarar da shi yana nafila, hannu naɗe a ƙirji, wando ya ɗage sama da idon sawu.

Ba sai an gaya masa dalili ba. Salima ce, ɗiyar Alhaji Husseini mai shagon siminti, wanda ya shiga Izala bara. Ibram, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Maraɗi, shi ma yana nemanta, kuma a sahun Alhaji yake salla.

"Kai, addini ka sake ko suruki kake farauta?" in ji Sahabi.

"Gaskiya na gano, Baba."

"A ƙofar gidan Husseini aka ajiye ta?"

Sahabi ya ce a ransa zazzaɓi ne, zai sauka.

Da damina A'i, uwar Zulkiflu, ta rasu. Kafin arba'in ɗinta aka ɗaura auren Salima da Ibram. Sahabi, Allah ya yafe masa, sanyi ya ji: yanzu ɗansa zai dawo.

Ana gobe sadakar arba'in dangi suka iso daga Bune, mata suna dakan gumba. Sahabi ya leƙa ɗakin yaron.

"Gobe kusa da ni za ka zauna. Kai ne ɗanta babba."

"Sadakar arba'in bidi'a ce, Baba. Ba zan zauna ba."

"Yarinyar fa ta tare, Zulkiflu. Wa kake yi wa yanzu?"

Idanun yaron suka kaɗa jawur. "Ka ji ko? Har kai ka faɗa. In na saki hannu gobe, Gure duka za ta ce don mace na yi. To, don Allah na yi. Dole ya zama don Allah na yi."

Da hantsi malamai suka cika tabarmi, aka fito da gumba. Sahabi ya bar wuri a damansa, ya hana kowa zama. Ana tsakar addu'a Zulkiflu ya wuce ta bakin layi, kafaɗa da kafaɗa da Ibram ango, suka nufi masallacin Alhaji. Bai waigo ba.

Aka shafa fatiha. Hannun Sahabi yana sama, ya manta bai sauke ba.