Direban da Ya Ƙi Bin Kibiya

Ƙwallon robar da likita ta ba Baba ya fi kowa sanin ƙarƙashin gadonsa. Da safe in durƙusa in zaro shi, in kaɗe ƙura, in ɗora masa a tafin hannu. Kafin in dawo daga kantin maganin da nake aiki, ya koma mazauninsa. In na tambaya, sai Baba ya ce, "Faɗuwa ya yi, Uwata." Ƙwallon da ke faɗuwa ya mirgina har ƙuryar bango kullum, ai ba ƙaramin ɗan wasa ba ne.

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙafar ta dawo, bakin ya dawo har ya fi da, amma hannun ya ƙi. Likita ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in yatsun nan ba su yi aiki a watannin nan ba, za su sandare, shi ke nan. Baba ya ji da kunnensa, ya gyaɗa kai, ya dawo gida ya jefa ƙwallo ƙarƙashin gado. Maɓallin rigarsa ma Umma ke sa masa, shi kuwa ya juya fuska bango har ta gama. Saboda wannan ya daina fita. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa bas ɗin cikin gari, ya koma ba ya leƙa ko bakin ƙofa. Abin yana cin raina, ni kuma in raina ya ɓaci faɗa nake yi, faɗan kuma ba ya motsa yatsa.

Ina da wata 'yar na'urar gem da nake rage zafi da ita lokacin hutun aiki. Wasan da ke ciki na tara dodanni ne: ka fita yawo a daji da ƙauyuka, ka kama ƙananan dodanni, ka rene su, ka kai su gasa. Akwai wata kibiya a saman allo mai nuna inda za ka nufa. Ni dai kibiya ta ce gabas, na yi gabas. Na tara manya masu aman wuta, na lallasa duk zakarun wasan, na gama tun tuni. Ba na son ɓata lokaci.

Wata rana na manta ta a kan kujerar falo. Na dawo da yamma na tarar da Baba ya ɗora ta a kan filo, ya ƙura mata ido, yana dangwalarta da hannun hagu.

"Uwata, wannan ɗan yaron mai jaka a baya, ina za shi?"

"Inda ka kai shi, Baba."

"Ko'ina?"

"Ko'ina. Amma ga kibiya nan, ita za ka bi."

Ya ce to. Na buɗe masa sabon wasa, na nuna masa sandar tafiya a hagu da madannai a dama. Ya kalli kibiya ta nuna gabas, ya juya yaron nan ya yi yamma.

Ban taɓa ganin ɗan wasa mai cin rai irin Baba ba. Duk gidan da ya gani sai ya shiga. Duk mutumin da ya tarar a tsaye sai ya tsaya ya karanta abin da zai ce, har ya amsa masa da baki.

"Baba, mutumin gem ne fa, ba ya jin ka."

"Ko ba ya ji, ni ai ina jin sa."

Ya kwashe mako guda a ƙauyen farko, ƙauyen da ni na wuce kafin shayina ya huce. A bayan wani juji ya tono wani dodo da ni ko kyauta ba zan ɗauka ba. Wani ɗan dunƙule ne kamar buta mai kunnuwa, ba gudu, ba ƙarfi, ba abin da ya iya sai ihu. Baba na jin ihun ya fashe da dariya, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba, har Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Wannan ai kwandasta ne! Uwata, rubuta masa suna. Kwandasta."

"Baba, wannan ba zai ci maka ko gasa ɗaya ba."

"Wa ya ce miki gasa na zo?"

Haka aka yi ta yi. Kwandasta na gaba, yana ihu, ana dukansa, Baba na kai shi asibitin dodanni yana yi masa sannu. Murnata dai ba ta cika ba, don duk wannan yawo da hannun hagu yake yin sa. In ana buƙatar danna na dama, sai ya tsallako da hagun ya danna. Na daman yana kwance a gefen filo kamar baƙo.

Wata yamma haƙurina ya ƙare. Ya shiga wani lungu a wasan, ya tarar bango ne, ya fito yana murmushi.

"Baba, don Allah me ka samu a ciki? Ba komai fa!"

"Na samu. Yanzu na san ba komai." Ya gyara zama. "Ke ba ki tuƙa bas ba, Uwata. Hanya ɗaya ce, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa tasha. Akwai wani lungu kusa da shagon mai gyaran agogo, mai ƙofa shuɗiya a ƙarshensa. Kullum sai na kalle shi in na wuce. Har na ajiye aiki ban san inda ya ɓulle ba. Ka karkata da fasinja cike da mota? Ai sai su cinye ka ɗanye."

Umma ta ce, "Malam, shekara nawa muna tare, ban taɓa jin zancen lungun nan ba. Ko dai wata ce a ciki?"

"Da na sani ai da ban damu ba," in ji shi. Ni kuwa kibiyata ta fita daga raina.

A can bayan wani dutse, inda ni ban taɓa takawa ba, Baba ya gano wani kogi da gungumen itace a gicciye a kansa. A ƙetare ana hango bakin wani kogo. Wasan ya ce sai an danne madannin dama ba saki, ana tuƙa yaron da sandar hagu a lokaci guda. Ka saki, ya faɗa ruwa, a dawo da kai bakin gaɓa. Nan dabarar tsallako da hagu ta ƙare.

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ɗauko shi da na hagu, ya ɗora babban yatsan a kan madanni. Yaro ya yi taku biyu, tsundum! Ya sake, tsundum! Kwandasta na ihu a bakin gaɓa.

"Kawo in ƙetarar maka, Baba. Yanzu-yanzu."

Ya janye na'urar zuwa ƙirjinsa. "Kin taɓa ganin an karɓi sitiyari a hannun direba mota na tafiya?"

Kwanaki gidanmu ba abin da ake ji sai tsundum. Umma ta haddace ƙarar, tana daga kicin za ta ce, "Malam, an sake wanka?" Shi kuma ya ce, "Ruwan da daɗi ne." Wani lokaci gumi ya keto masa, in ji kamar in fizge in yi masa, sai in tashi in shiga ɗaki in ciji leɓe. Ranar nan na durƙusa neman ƙwallo ƙarƙashin gado ban gan shi ba. Ashe yana aljihun Baba. Ya ce, wai, yana ɗan ɗumama injin ne kafin ya hau gungume.

Ranar da abin ya faru ina ninke kayan wanki a falo. Sai na lura ban ji tsundum ba. Na ɗaga kai. Yaron yana tsakiyar gungume, Baba ya riƙe numfashi, farcen babban yatsansa ya yi fari don dannawa. Umma ta fito ta tsaya. Yaro ya matsa, ya yi tangaɗi, ya matsa. Da ƙafarsa ta taka ciyawar ƙetare, ihun da muka yi mu uku ya fi na Kwandasta, har maƙwabciya ta buga ƙofa tana tambayar ko lafiya.

A cikin kogon wani fili ne mai furanni, cike da 'yan dunƙule irin Kwandasta, kowa na ihunsa. A tsakiyarsu ga wani ƙaton dodo mai fukafukan zinariya, wanda ni da na gama wasan ban ma san akwai shi ba. Rubutu ya fito: ka bar ƙaramin a nan ka tafi da babban, ko ka ci gaba da naka.

Na ce, "Baba, ɗauki babban! Wallahi da wannan ba mai tsaya maka!"

"Shi kuma Kwandasta?"

"Ai ba ya iya komai."

"Ya iya jira," in ji Baba. "Duk faɗuwar da na yi, yana bakin gaɓa. Don abu ba shi da ƙarfi ba a sauke shi a hanya, Uwata. Na kusa yi wa hannun nan haka, ban ji daɗinsa ba."

Ya danna. Da hannun dama ya danna, bai ko kalli hannun ba. Kwandasta ya yi tsalle ya bi bayan yaro. Na rasa dodon zinariya ina ji ina gani, kuma ban taɓa jin daɗin asara irin na ranar ba.

Washegari da safe na fito da shirin aiki, na tarar da Umma a ƙofar ɗakinsu, ta ɗora yatsa a baki. Muka jira. Can sai ga Baba ya fito da farar rigarsa ta zuwa unguwa da takalmi. Maɓallan sun saɓa, na sama ya shiga ramin na biyu, gefe ɗaya na rigar ya fi ɗaya tsawo. Fuskarsa kuwa sai ƙyalli take.

"Uwata, kira wurin aikinku ki ce za ki makara. Za ki raka ni wajen mai gyaran agogo, mu ga inda lungun nan ya ɓulle."

Hannuna ya ɗaga da kansa zai gyara masa wuyan rigar. Umma ta buge min shi. Na mayar da shi, na buɗe masa ƙofa, ya wuce gaba.