Kabad Ɗin Da Ya Cije

Tun ranar da ƙafar tankin ruwan unguwa ta karye, babu wanda ya ƙara kawo wa Tartsatsi aikin walda. An ce shi ƙaramar hukuma ta ba kwangilar, ya ci kuɗin ya liƙa ƙarfen da yawu. Alhali fenti kawai aka sa shi ya shafa. Amma an gan shi a saman tankin, wa zai tsaya jin bayani? Har matar yayansa ta kai gyaran ƙofarta wani shagon.

Wani direba ne ya gaya masa doka ta ba kowa damar neman takardar kwangila. Ya cike fom, ya biya kuɗin bincike, aka ce ya dawo bayan kwana goma. Yau zuwansa na huɗu.

Ofishin ajiyar takardu ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda. Tebur uku, ma'aikaciya ɗaya. Sauran biyun sun yi ritaya, ba a kawo kowa ba.

"Anti, na dawo."

"Na gani, ƙanena. Ai yanzu ko ban ɗago ba na san takunka."

"Ina takardata?"

Ta nuna wani kabad na ƙarfe da bironta. "Tana can, durowa ta biyu. Da taka da ta mutum talatin da ɗaya. Wata bakwai ke nan da ya cije. Sau biyar ina rubutawa a gyara."

"To kuɗin binciken da na biya, me aka bincika?"

"Haƙurina. Kullum sai an zo an zage ni."

Tartsatsi ya durƙusa gaban kabad ɗin, ya ja, ya kasa kunne. Sandar kulle ce ta goce daga ciki. Aikin minti goma. Yana lalubar aljihu shugaban sashen ya shigo da fayil a hammata.

"Kai, cire hannunka. Kayan gwamnati ne."

"Ranka ya daɗe, sana'ata ce. Kyauta zan buɗe."

"Kana cikin 'yan kwangilar da aka amince da su? Sai kwamiti ya zauna." Ya leƙa fom ɗin. "Kuma wannan jibi zai cika kwana casa'in, ya mutu. Sai ka sake biya."

"Ko sisi ba zan ƙara ba. Sunana ne a cikin durowar nan, kuma ba na fita sai da shi."

Ya koma kan benci ya zauna, ya ɗora sukundireba da guntun waya a gwiwarsa. Shugaban ya ce wa Anti ta kira masa mai gadi, ya wuce taro.

Anti ba ta kira kowa ba. Ta daɗe tana kallon tulin fom ɗin da ke gabanta, sannan ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin tebur ta busa mata ƙura.

"Ƙa'ida ta ce duk gyaran da kuɗinsa bai kai na ƙwan fitila ba, ni ke sa hannu. Nawa ne aikinka?"

"Na ce kyauta."

"To bai kai ba. Tashi."

Ya kwantar da kabad ɗin da kafaɗa, ya zura wayar ta bayan durowa, ya ɗaga sandar. Ƙarfen ya yi ƙara sau ɗaya, durowa ta fito tana warin tsohuwar takarda. Anti ta lasa yatsa ta shiga buɗawa. A shafi na uku ga sunan kamfanin da ya yi waldar. Can ƙasa an rubuta: fenti, Tartsatsi mai walda na bakin titi. Ta ɗan tsaya a kan sa hannun wanda ya ce aikin ya yi kyau, ta kalli ƙofar da shugaban ya fita. Sa hannunsa ne. Ta yi kwafi, ta buga hatimi da ƙarfi har biro ya faɗo ƙasa.

"Anti, ba za su taɓa ki ba?"

"Su kore ni mana, mu ga wa zai zauna a ɗakin nan. Matsa, akwai mutum talatin da ɗaya a bayanka."

Bai wuce gida ba. Ya biya shago ya ɗauki injinsa, ya haɗa firam da ragar ƙarfe, ya sa takardar a leda a ciki, ya liƙe shi a jikin karyayyar ƙafar tankin, daidai tsayin idon mutum. Mata masu jiran mai kurar ruwa suka taru suna karantawa, matar yayansa a cikinsu.

"Ƙanena," ta ce, "ka san tagata ma tana son gyara."

Bai ɗaga tabaran waldar ba. "Bari in gama wannan tukuna. Ina so duk mai niyyar cire shi ya sha wuya."