Mukhtar Ya Kai Littafi Kara

Da labari ya iso Maradun cewa wani mai buga littattafai zai zo Talata Mafara ya saurari marubuta, Mukhtar ya rasa wanda zai nemi shawararsa duk duniya sai kawunsa Gidaɗo, dillalin shanu a kara, mutumin da ko takardar maganinsa bai taɓa karantawa ba.

Littafin kuwa ba na wasa ba ne. Labarin Gidan Goga ne, garinsu da 'yan bindiga suka kore su, kuma ya yi wa mahaifiyarsa Batulu alkawarin za ta taɓa shi da hannunta kafin idonta ya ƙarasa rufewa.

"Kak ka yabi hajjarka," in ji Gidaɗo. "In ya taya, ko mi yac ce, ce mai albarka, ka ba shi baya. Shi ka biyo ka. Mu haka munka saba."

Mukhtar ya haddace wannan shirme tsaf, har yana gwada juya baya a tsakar gida.

Ranar taro, mai bugun ya hakimce a kujera yana hamma, marubuta na zuba masa surutu kamar masu tallan maganin basir. Wani Falalu na Bakura ma ya rantse littafinsa zai girgiza Arewa, abin da bai kai kaurin faifai ba. Mukhtar ya taɓe baki. Da layi ya zo kansa, ya dire rubutunsa a tebur.

Mutumin ya buɗe da yatsa biyu. Ya karanta shafi, ya ƙara wani, hammar ta tsaya.

"Malam Mukhtar, bar mini wannan. Zan buga shi."

Zuciyar Mukhtar ta yi tsalle don daɗi. Amma ya haɗe rai, ya janye takardunsa.

"Albarka."

Ya juya, ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, kunnensa duk a baya. Abin da ya ji kawai shi ne, "Na gaba."

A bakin ƙofa ya tsaya, bayansa ga jama'a, don Gidaɗo ya ce wanda ya waiwaya ya faɗi. Yana nan tsaye har aka tashi, motar mai bugun ta wuce shi, Falalu a gidan gaba yana ɗaga masa hannu.

Da ya koma gida, Batulu ta ji takunsa, ta miƙo hannu biyu.

"Kawo in taɓa."